Wata Uku a Bencin Baya

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ji abin da Jummai ta faɗa a bakin ƙofa, wai aikina ba aiki ba ne, kowa ma zai iya sa mata dariya na ɗan lokaci kafin a fara wa'azi, kuma wai wasanni na nan cike a waya, sai wanda mutum ya zaɓa. Ban ji haushi ba. Amma tunda ku aka ce in bar wa wannan jaka, sai kun zauna kun ji yadda ake ɗaukarta.

Daga ƙasar Zuru aka kawo ni Bodinga ina amarya, maigidana yana gyaran injin ban ruwa na masu noman albasa. Tun kafin a haifi yawancinku ni ce mai buɗe taron zumuntar mata a cocin nan. Abin da nake yi muna ce masa wasan sakin jiki. Ku dubi waɗanda ke zuwa ranar Alhamis: matar ɗan sanda daga Filato, nas daga kudancin Kaduna, mai shagon magani daga ƙasar Ibo, Bayarbiya mai ɗinki, sai mu masu aikin gona. Kowace ta yi mako guda a gidan haya cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, tana auna maganarta, tana rage muryarta. Da wannan ɗaurin take shigowa. Idan aka buɗe mata wa'azi a haka, za ta ce amin a inda ake cewa amin, ta tashi ta tafi gida ba ta san sunan wadda ta zauna kusa da ita ba. Ranar da ɗanta zai kwanta ciwo, ba ta da ƙofar da za ta buga. Aikina shi ne kada hakan ta faru.

Wurin Inna Tabita na koya, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin tasha. Shekara guda cur ba ta bar ni na buɗe baki a taro ba. A bakin ƙofa take tsayar da ni, in an tashi ta tambaye ni, "Rifkatu, me kika gani?"

In ce, "Inna, mata sun zo da yawa."

Ta ce, "Wannan ko akuya ta gani. Wace ce ta jawo kallabinta ta rufe ido ɗaya? Wace ce ta zo da goyo wancan mako, yau ta zo baya wayam? Su wa suka gaisa ba su dubi juna ba?"

Sai da na fara amsa irin waɗannan tambayoyi sannan ta ba ni fili.

Wasan farko da na jagoranta, takardu na yanka ƙanana, na sa aka rubuta tambaya a kan kowace, na zuba a ƙwarya, kowa ta ɗauka ta karanta ta amsa. Ina ganin na zo da dabara. Aka zo kan wata dattijuwa, ta riƙe takardarta a kife tana kallo, bakinta na motsi, ba abin da ke fita. 'Yan matan da ke gefe suka fara ƙyalƙyala. Inna Tabita ta tashi, ta ɗauki tata takardar, ita ma ta kife ta, ta kai ta nesa, ta kawo ta kan hanci, ta ce, "Tawa cewa ta yi wai Tabita ta fi kowa kyau a Bodinga. Wa ke musu?" Aka kwashe da dariya, dariyar ta koma kanta, dattijuwar ta samu ta zauna. Da muka fito ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Dole a yi dariya, ita muka zo nema. Amma in za a yi wa wata, ke za a yi wa. Ke kika tsaya a tsakiya."

Wannan ita ce dokar aikin, sauran duk bayani ne.

Ku buɗe jakar ku gani. Faifai biyu, ƙwarya, tsofaffin kallabi uku, dunƙulen zare, caki. Tulun da muke kaɗawa yana coci. Zaren nan na fi amfani da shi in baƙi sun yi yawa. A yi da'ira, ki riƙe bakin zaren, ki faɗi sunanki da miyar da uwarki ta fi iya dafawa, ki jefa wa wata dunƙulen. Jummai za ta ce me ya sa miya. Saboda kowace mace ta taɓa shan miya. Ba kowace ke da miji ba, ba kowace ta haihu ba, ba kowace ke da aikin da za ta faɗa da ƙarfi ba. Ki tambayi ɗayan waɗannan a gaban jama'a, kin sa wata ta sunkuyar da kai. Amma ki ce miya, kafin zare ya zagaya an fara gardama tsakanin 'yan kuka da 'yan agushi, har wadda ta shigo fuska a murtuke tana rantsuwa ba a yi mai miyar yakuwa kamar uwarta ba.

Sai lokaci. Masallaci na bayanmu, kun sani. Ina lissafa wasana ya ƙare kafin kiran la'asar, in kuwa ya riske mu, tulu ya yi shiru har a idar. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mu yi haka. Mu muka san inda muke zaune. Wayarku ba za ta gaya muku wannan ba.

Akwai taron da na je a Shagari, mako biyu bayan an binne mijin wata daga cikinmu. Irin wannan rana ba a tsalle, ba a caki. Ce musu na yi kowace ta kwance kallabinta, ta ba ta kusa da ita ta ɗaura mata irin ɗaurin garinsu. Ba wadda ta yi magana mai tsawo. Amma matar mamacin, wadda tun ranar jana'iza ba ta bari an taɓa ta ba, ta zauna shiru wata Bayarbiya tana gyara mata ɗauri, har ta sa hannu ta taɓa ta ji tsayinsa, ta ce, "Da wannan zan shiga mota?" Iyakar abin da aka samu ke nan a ranar, kuma ya isa.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da ta fi kowace wuya.

Matan Shagari a wani ɗaki suke taruwa. Mai ɗakin ya ce yana buƙatar abinsa zai zuba albasa, ba rigima, ya ba su lokaci suka kwashe bencinsu. Sai aka ce su riƙa zuwa Bodinga duk Alhamis mu haɗu. Yawancinsu aikin ƙodago suke yi a gonakin albasa, daga gona suke wucewa tasha, su iso da ƙasa a ƙafa da warin albasa a zane. Matan nan namu kuwa, na ma'aikata da masu shaguna, da leshi suke zuwa. Ba wadda ta kori wata. Amma gaba ya zama na masu leshi, gefen taga ya zama na matan Shagari, tsakaninsu fili kamar an share.

A shekarar aka zaɓi sabuwar uwar zumunta, Madam Hannatu, babbar nas ce da ta yi ritaya. Mace mai tsari, mai tsoron Allah, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Amma tana son komai a buga a takarda, kuma tana ganin wasannina na ƙauye ne. Ta kira ni gefe ta ce, "Mama Rifkatu, kin yi ƙoƙari, ki huta. Akwai sababbin wasanni da ake yi a manyan majami'u, zan riƙa kawowa."

Na ce, "To, Madam." Na koma na zauna.

Wasan da ta kawo a mako na biyu na takalmi ne. Kowa ta cire ƙafa ɗaya ta jefa a tsakiya, a cakuɗa, sannan kowace ta ɗauki ɗaya ta ɗaga sama, mai shi ta fito ta faɗi sunanta. Tun tana bayani na ga matan gefen taga suna tura ƙafafunsu ƙarƙashin benci. Na ɗaga hannu, Madam ta ce in bari sai an gama.

Aka fara. Masu takalman fata suna fitowa ana tafi. Sai wata ta ɗago silifa shuɗiya, dunduniyarta ta cinye har ta huje, an ɗaure igiyarta da waya, laka ta bushe a kai. Da yatsa biyu ta riƙe ta, nesa da jikinta. Wata a gaba ta yi dariya, ba da ƙarfi ba, amma an ji. Madam ta ce, "Ta wace ce?" Shiru. Ta sake tambaya. Shiru. Aka ajiye silifar a kan tebur, kusa da furanni, har aka yi wa'azi aka tashi tana nan.

Ni na ga mai ita. Laraba ce, wadda sauran matan Shagari ke bin maganarta, mace mai 'ya'ya manya. Ta cire ɗaya ƙafar ta cusa a zane, ta taka kwalta da rana tsaka ba takalmi har tasha.

Alhamis ta gaba ba mace ko ɗaya daga Shagari. Ta gaba ma haka. Madam ta ce ai lokacin cirar albasa ne. Na ce mata ba albasa ba ce, na gaya mata abin da na gani. Ta ce, "Wasa ne fa. In mutum zai yi fushi a kan wasa, sai ya binciki zuciyarsa."

Mako na uku na hau mota na tafi Shagari. A wata rumfa na sami Laraba da mata huɗu suna tsince albasa, masu kyau gefe, masu ruɓa gefe. Ta shimfiɗa mini buhu, ta ba ni ruwa, sannan ta ce, "Mama, mi kinka zo yi?"

Na ce, "Ku na zo nema."

Ta ce, "Ba mu komawa. Abin da anka yi muna ya isa. Da yatsa biyu fa, Mama, kamar ta ɗauki mushen ɓera. Allah na nan Shagari, mu yi addu'armu gindin iccen bedi."

Na ce, "Allah na nan. Amma ranar da ɗayarku za ta yi doguwar naƙuda, nas ɗin tana Bodinga. Ranar da za a kama ɗan wata a hanya, matar ɗan sandan tana Bodinga. Su ma ranar da za su rasa mai kwana da su a asibiti, ku ne. Mu nawa ne duka a ƙasar nan da za mu rabu biyu?"

Ta ci gaba da tsinta. Na ce babban taron shekara saura mako biyu, su zo wannan kaɗai. Na ce, "In an yi dariya ranar, ba ku za a yi wa ba. In an yi muku, kada ki ƙara gaishe ni."

Ta ce, "Ke da anka cire?"

Na ce, "Ku dai ku zo."

Na koma wurin Madam na roƙi fili a taron. Ta nuna mini takardar tsarin, an riga an buga, baƙi za su zo daga Sakkwato. Ta ce, "Mama Rifkatu, coci ba dandali ba ne. Sunanki ba ya ciki, kuma ina roƙonki kada ki ba ni kunya." Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Na bi gidajen maƙwabtana na ari faifai. Hajiyar da ke jikin katangarmu ta ba ni huɗu, ta ce biki za mu yi? Na ce kusan haka. Na auno gero, na cakuɗa shi da ƙaiƙayi da tsakuwa, na zuba a buhu, na kai coci da sassafe na tura bayan ƙofa.

Ranar taro coci ya cika. Matan Shagari suka zo, suka zauna gefen tagarsu, ba wadda ta cire mayafi. Aka yi addu'ar buɗewa. Madam ta tashi da takardarta za ta sanar da abu na gaba, sai na buga tulu sau uku, na jawo buhuna zuwa tsakiya. Ta ce, "Mama Rifkatu." Na ce, "Madam, ki yi haƙuri, a hukunta ni in an tashi."

Na ɗebi gero a faifai na ce yau za a ga gwanar bakace ta Bodinga. Na watsa shi sama da gangan, rabi ya zubo mini a ka, ƙaiƙayi ya shiga hancina, na yi ta atishawa. Aka yi dariya, har baƙin. Na ce to, tunda kun raina ni, duk wadda ta yi dariya ta fito. Na bi layin gaba ina miƙa faifai, ina kiran kowace da sunanta, don mace ba ta iya ƙin faifan da aka sa mata a hannu ana kallo. Sannan na juya gefen taga na ce, "Ga ɗalibai, ina malamai? Kowace ta tsaya bayan ɗaya. Wadda ɗalibarta ta fara fitar da tsakuwa ita ta ci."

Ba wadda ta motsa. Na tsaya da faifai a hannu, ina jin idon Madam a bayana. Can sai Laraba ta tashi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta zo ta tsaya bayan Mama Ngozi mai shagon magani, wadda ta riga ta zubar da rabin geronta a cinya. Ta kama wuyan hannayenta biyu ta ce, "Ba haka ba, Mama Ngozi. Sassauta hannu. Ba faɗa kike da shi ba."

Mama Ngozi ta ce, "Shi ne yake faɗa da ni."

Daga nan sauran suka taso. Abin da na sani, wanda Madam ba ta sani ba, shi ne matan leshin nan da yawansu a kan faifai suka girma, sun dai daɗe ba su riƙe ba ne. Wata matar ɗan sanda ta ture malamarta ta ce ai ita ma 'yar ƙauye ce, ta shiga yi da sauri, malamar na cewa ƙarya ne, dubi tsakuwa. Ƙaiƙayi ya hau leshi, ya hau furannin tebur. Baƙuwar da za ta yi wa'azi ta cire gilashinta ta karɓi faifai. Madam Hannatu ta koma kujerarta ta zauna, ba ta sake tashi ba. Ta naɗe takardarta ta riƙe, har muka gama, na share wurin da kaina, aka ci gaba da taro.

Ran Lahadi dattawan coci suka kira ni. Fasto ya karanta laifina: na katse shugaba tana magana, na ƙi bin umarni, na ɓata ɗakin sujada a gaban baƙi. Duk gaskiya ne. Suka ce in tsaya gaban jama'a in ce na yi kuskure, magana ta wuce.

Na ce, "Baba Fasto, katse Madam da na yi, ina ba ta haƙuri, yanzu ma a gabanku. Dattin kuwa na share. Amma wasan ba kuskure ba ne, ba zan tsaya a ɗakin Allah in ce kuskure ne ba. In kun ba ni wata Alhamis zan sake."

Wani dattijo ya ce, "Rifkatu, ki yi tunani. Da girmanki."

Na ce, "Da shi na yi, Baba."

Suka ba ni horo na wata uku. Ba tulu, ba magana a taro, ba cin jibin Ubangiji, kuma zamana a bencin baya. Kun san bencin, wanda ke jikin ƙofa, inda ake zaunar da wanda aka kama da abin kunya, kowa ya shigo ya gan shi. Maigidana ya ce in zauna a gida har wa'adin ya cika. Na ce a'a, benci aka ce, benci zan zauna.

Alhamis ta farko na zo da wuri na zauna ni kaɗai. Mata suna shigowa, wasu su gaishe ni ƙasa-ƙasa, wasu su kau da kai. Ana shirin farawa sai ga matan Shagari. Laraba ta tsaya a ƙofa, ta dubi gefen taga, ta dube ni, ta zo ta zauna a damana. Sauran suka cika bencin, waɗanda ba su samu wuri ba suka shimfiɗa mayafi a ƙasa. Na ce mata a hankali, "Ku tashi, nan ba wurinku ba ne." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Mako na biyu Mama Ngozi ta jawo kujerarta ta roba tun daga gaba, tana ƙara a siminti, ta ajiye kusa da mu. Matar ɗan sandan ta biyo ta. Ba wadda ta shirya wannan, ni kuwa an hana ni magana, ban ce wa kowa ta zo ba. Kafin wata ya cika, Madam na tsaye a gaba da teburinta da mata uku, sai ta ɗaga murya kafin mu ji abin da take karantawa.

Ranar Alhamis ta biyar ta fara sanarwa, ta kai tsakiya ta tsaya. Ta daɗe tana duban kujerun da ba kowa. Sannan ta ɗauki jakarta, ta tako tsawon cocin, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ta zo ta tsaya a gaban bencinmu. Ba ta dube ni ba. Ta dubi Laraba, ta ce, "Matsa mini."

Laraba ta ce, "Madam, nan wurin masu laifi ne."

Madam ta ce, "Na sani. Matsa."

Laraba ta matsa. Madam Hannatu ta zauna tsakaninmu, kafaɗarta na gugar tawa, ta buɗe takardarta ta ƙarasa sanarwar daga nan.

Horona kuwa sai da na cika shi. Ba a rage mini ko kwana ɗaya ba, ni ma ban roƙa ba.